Birki ya ɓace mini kusa da Badagishiri, bayan rabin awa ya dawo da kansa

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota, don abin da ya same ni jiya har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Na taso daga Tawa zan je Ƙonni wajen ƙarfe ɗaya na rana, ni da iyali da ƙanin matata, bayan motar akwai buhun gero biyu da jakunkuna. Tun muna barin gari na ji motar ta yi nauyi kamar ana riƙe ta, na ce lodi ne. Muna gangarowa kusa da Badagishiri sai ga awaki sun tsallako gudron. Na taka birki, feda ta tafi har ƙasa kamar na taka soso. Sai da na yi ta bugawa sau uku ko huɗu kafin ya ɗan kama. Allah ya kiyaye, ba mu taɓa ko ɗaya ba. Na gangara gefe na tsaya, wani wari yana tashi kamar an ƙona roba da gashi. Na duba man birki, yana nan daidai layinsa, ƙasa kuma ko ɗigo babu. Muka zauna gindin wani dogon yaro kamar rabin awa. Da na koma na taka, birki garau, kamar ƙarya nake yi. Na lallaɓa a hankali har Ƙonni. Abin da ya ɗaure mini kai, sati biyu ke nan da na sa palaket sababbi a gaba, wato abin da ke matse diski ya tsayar da taya. Motar ƙarama ce ƙirar Japan ta 2005, giyar hannu, birkin gaba na diski, na baya na tambur. Mene ne wannan don Allah?

Direban Ƙonni:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki Malam. Rana ce, ba wani abu ba. Afrilu muke fa, digiri 44 a inuwa, gudron kansa laushi yake yi. Shekarata goma sha bakwai kan hanyar nan, kowace bazara sai mun ga irin haka. Ka riƙa tafiya da jarkar ruwa, in ka tsaya ka watsa wa tayoyin gaba. Kuma ka bar tafiyar tsakar rana da iyali.

Mai Kayan Mota:
Barka da arziki. Nawa ka sayi palaket ɗin?

Ɗan Adar:
Jikka huɗu, Alhaji. Mai gyaran ne ya sayo, ban ma ga kwalin ba.

Mai Kayan Mota:
To ka ba kanka amsa. Araha ba ta ado. Irin waɗannan da zarar sun ji wuta sai fuskarsu ta yi santsi kamar gilashi, ka taka su ƙi kamawa. Ka cire su ka sa na kirki, magana ta ƙare.

Tsohon Garaji:
Ɗana, barka da arziki, Allah shi ƙara kiyayewa. Kahin kowa shi saida maka komi, amsa mini tambaya ukku. Ta hwarko ka riga ka amsa amma ka tabbatar mini: birkin laushi ya yi ya tahi ƙasa, ko tauri ya yi kamar dutse motar ta ƙi tsayawa? Ta biyu, da kunka tsaya, warin daga tayoyi duka shike ko daga guda? Ta ukku, yaushe rabon da a zubda man birkin wagga mota a sa sabo? Ba ƙari nike nuhi ba, canji.

Ɗan Adar:
Baba, laushi ya yi, har ƙasa. Warin kuma yanzu da ka faɗa na tuna, ta wajen da matata ke zaune ne, tayar gaba ta dama. Ƙanin matata ya kai hannu kusa da janti, wato ƙarfen taya, ya janye da sauri, ya ce kamar tanda. Ta hagu da zafi amma ba haka ba. Na fita yanzu na duba, jantin dama ya yi baƙi ƙirin da ƙura, na hagu fes. Maganar canjin mai kuwa, shekarar motar huɗu a hannuna, ƙari kawai nake yi in ya ragu. Ban san ana canjawa ba wallahi. Wani abu kuma, kwanakin nan in na saki sitiyari tana ja dama, kuma tana shan mai fiye da da.

Tsohon Garaji:
Madalla. Ka gama bayani da bakinka. Ɓacewar birki don zahi iri biyu ce, kuma ƙahwarka ce ke gaya maka wace ce. In palaket ne sunka ƙone, birkin shina nan da taurinsa, kana takawa da ƙarhi amma motar tana ta tahiya kamar kan laka. Wannan ita Alhaji ke magana. In kuwa ka taka ka ji babu komi, ya tahi ƙasa, sai ka buga shi sau da yawa ya kama, bayan ya huce kuma ya dawo daidai, kuma babu yoyo, to man birki ne ya tahasa. Ya zama tururi cikin etiriye, ƙarhen nan da ke matse palaket bisa diski, shi kuwa tururi matsuwa shike. Da ya huce ya koma ruwa, shi ya sa ka ga kamar ba abin da ya hwaru. Nan ne hatsarin yake, don mutum sai shi ce ai ya gyaru da kansa.
Amma ruwa ba ya tsami banza. Daga Tawa zuwa inda ka tsaya, sau nawa ka taka birki? Hanya ce miƙaƙƙa, ba gangaren da zai tahasa mai ga ƙaramar mota. Motar ce ke taka birkinta da kanta ga tayar dama tun daga ƙohwar gida. Nauyin da ka ji ke nan, shan man ke nan, jan damar ke nan, baƙar ƙurar ke nan. Cuta biyu gare ka: birki mai riƙewa, da tsohon mai wanda ya sha ruwa. Kada motar ta sake hita gari sai an gano mi ke riƙewa.

Direban Ƙonni:
Baba, da girmanka, amma ruwan daga ina? Tawa ce fa, inda in ka shanya riga kafin ka gama alwala ta bushe. Kuma tankin a rufe yake.

Malamin Kimiyya:
Direba, tambayarka tana kan hanya. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 sunansa kawai mai, ba danginsu ɗaya da man inji ba. Sinadari ne da ake kira gilaikol, kuma halinsa ne jan danshi daga iska, kamar yadda gishiri ke jiƙewa da damina ko yana cikin kwano. Murfin tankin ana buɗe shi, tiyon roba ma danshi yana ratsa shi sannu a hankali. Gaskiya ne nan abin ba ya sauri kamar bakin teku, amma muna da damina, muna wanke mota, kuma yawancin motocinmu sun yi rabin rayuwarsu a Turai, suka kwana a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko Lome kafin su iso mana. Wa ya canja man tun can?
Ga lissafin da masu yin man suke bi. DOT 3 sabo bai kamata ya tafasa ƙasa da digiri 205 ba. In ya sha ruwa kashi 3.7 cikin ɗari, iyakar da ake nema gare shi ta sauko 140. DOT 4 kuwa 230 ne yana sabo, 155 in ya sha ruwa. A cikin rabin lita, wannan ruwan bai kai cokalin cin abinci biyu ba, amma ya cinye digiri 65 zuwa 75. Shi ya sa masu ƙera mota da yawa ke cewa a canja shi duk shekara biyu, ko an yi tafiya ko ba a yi ba.
Maganar rana kuma, tana da hannu amma ɗan kaɗan. Tsakanin ranar Disamba da ta Afrilu a Tawa bambancin bai wuce digiri goma sha wani abu ba. Shi kuwa diski in aiki ya yi tsanani yana haura 400. Birki ba abin da yake yi sai mai da gudu ya zama zafi. Mota mai kilo 1500 tana gudun kilomita 100, in ka tsayar da ita cak, zafin da ke shiga birki cikin 'yan daƙiƙu ya isa ya kai ruwa lita biyu ga tafasa. In gudun 120 ne, zafin ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari, ba 20 ba. Lodi ma haka, in ka ninka nauyi ka ninka zafi. Bazara tana tona asirin birkin da dama yake da cuta ne.

Direban Ƙonni:
Malam ya kawo allo da alli. To na ji. Amma ruwan da nake watsawa yana aiki, wannan da idona nake gani, ba a littafi ba.

Tsohon Garaji:
Shina aiki, ƙanena, ba wanda ya ce ba ya hucewa. Abin da ke biyo baya ne ba ka lura da shi. Diski ƙarhen zubi ne, irin na tsohuwar tukunya. Aza tukunyar ƙarhe bisa wuta babu komi cikinta har ta yi ja, ka kwara mata ruwan randa, ka ga mi za ta yi. Wajen da ruwa ya taɓa ya tsuke, wanda bai taɓa ba shina buɗe. Daga nan ƙananan tsaga ke hitowa bisa huskar diski kamar ƙasar tabki da rani. Na taɓa cire diskin wata motar haya da ya tsage tun daga baki har kusa da tsakiya, ana iya sa farce ciki. Direban kullum da jarkarsa, kamar kai. In birki ya yi zahi, ka samu wuri mai lebur ka tsaya, ka sa giya, ka sa dutse ga taya, ka ɗauke ƙahwa daga birki, kada ka ja birkin hannu in bayan ne ya yi zahi, ka ba shi rabin awa. Ruwan ka sha abinka.

Maman Nana:
Salamu alaikum, ku gafarce ni na shigo tsakiyar magana. Ni ina Yamai, tawa otomatik ce. Birkin bai taɓa ɓacewa ba, amma in ina gudu na taka, sitiyari sai ya yi ta rawa a hannuna, feda ma tana bugun ƙafata. A hankali cikin gari ba na ji sosai. An ce mini diski ya lanƙwashe don zafi. An kai shi an fere a inji, ya yi wata uku lafiya, ga shi ya dawo. Shi ma zafin ne?

Yaron Garaji:
Hajiya, a sake ferewa kawai. Mu haka muke yi kullum.

Tsohon Garaji:
Yaro, kullum kuke yi don kullum suna dawowa. Hajiya, kada a sake here shi sai an auna. Kowane diski akwai lamba rubuce ga bakinsa ko ga cibiyarsa, MIN TH da milimita, ita ce iyakar sirantakarsa. Duk herewa rage nama ce, kuma diski siriri ya hi saurin ɗaukar zahi, don ba shi da jikin da zai haɗiye shi. In ya kai lambar, a jehar. Na biyu, abin da mutane ke kira lanƙwasa sau da yawa ba ita ba ce. Kauri ne ba daidai ba, wani wuri ya ci wani bai ci ba, ko kuma palaket ya bar tabonsa bisa diski. Asalin abin kuwa yakan zama wurin ɗaurawa. In ba a kankare tsatsa da jan ƙasa daga huskar da diski ke zama ba, zai zauna a karkace ko da kaurin gashi ne, bayan wata biyu ukku rawa ta dawo. Haka in anka ɗaure notocin taya ɗaya bayan ɗaya a jere, wani ya hau sufana da ƙahwa shina tsalle. A ɗaure su a giciye, da ƙarhi daidai. A kuma duba rulma, wadda taya ke juyawa bisa ita, da haɗe-haɗen ƙahwar gaba, in akwai wasa su ma suna kawo rawa.

Malamin Kimiyya:
Ƙari kan na Baba, Hajiya. Masu otomatik suna da wata ɗabi'a da motar ce ke koya musu. Ki yi tsayawa mai ƙarfi daga gudu, diski ya yi zafi sosai, sannan ki danne birki ki zauna jiran danja. Palaket yana manne wuri ɗaya a kan ƙarfe mai zafi, sai ya bar hotonsa. In kin yi irin wannan tsayawa, ki bar tazara gabanki, ki riƙa sakin motar tana ɗan matsawa. Kuma ƙafa ɗaya ake tuƙa otomatik. Wanda ya ɗora ƙafar hagu a kan birki yana tafiya, birkinsa ba ya hutawa.

Maman Nana:
Kai Malam, kamar kana zaune a bayan motata. Ƙafar hagun ce wallahi, tun da na koya haka nake yi.

Ɗan Keita:
Ni tambayata, tun da lamba tana hawa ne, me zai hana a sa DOT 5 a huta? Ai ya fi 4.

Malamin Kimiyya:
A'a, kada ka kuskura. Lambar tana ruɗi. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da 3 ko 4, kuma ba a sa shi a motoci masu ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi. Wanda yake danginsu shi ne DOT 5.1, yana sabo 260, ya sha ruwa 180. Ka duba murfin tankin motarka, an rubuta abin da take sha. In an rubuta DOT 3 kana iya sa 4. In an rubuta 4 kada ka koma 3.

Mai Kayan Mota:
Nan kam ina tare da Malam. Kuma ku bar sayen man birki na awo daga galan ɗin da aka buɗe tun bara. Ka sayi ƙaramar kwalba mai hatimi, a buɗe gabanka. Ragowar da ka ajiye a bayan mota wata shida ba sabo ba ne kuma.

Direban Ƙonni:
To ruwan omo a madadin man birki fa? Mun sha fita daji da shi.

Tsohon Garaji:
Kun hita daji da shi don Allah ya nuhe ku da sauran kwana. Ruwa digiri 100 shike tahasa, Malam na nan shi gaya maka. Bayan haka shina cin pistin da tsatsa. Amma wanda ya hi shi ɓarna shi ne jan man giya ko man inji. Robobin birki ba su jituwa da man hetur da danginsa, kumbura suke. Cokali guda ya shiga, sai an canja duk wata roba tun daga babban pampo, wanda ke tura mai in ka taka birki, har tayoyi. Giris ma haka. Sandunan nan biyu da etiriye ke zamewa bisa su, yara na shahwa musu baƙin giris na rulma, robar ta kumbura ta riƙe sanda, birki ya riƙe. Suna da giris nasu na silikon.
Ɗan Adar, ga abin da za ka sa a yi gabanka, kada ka bar motar ka tahi. A zaga da ita kamar minti goma sha biyar har ta hwara riƙewa. A dawo a ɗaga gaba nan take tun da zahinta, a juya tayoyin biyu da hannu. Ta hagu za ta juya da ɗan gogawa, wannan daidai ne. In ta dama ta ƙi, a cire ta, a sassauta ƙaramin noti na cire iska da ke bisa etiriye. A kula, man da zahi, kada kowa shi kai ido. In mai ya yi tsartuwa kuma diski ya saki nan take, to matsin mai ne ya kasa komawa, cutar tana can sama, ko tiyon roba ko babban pampo. In an sassauta bai saki ba, cutar tana nan ga etiriye, ko pistin ya yi tsatsa ko sandunan sun ƙahe. Don raba tiyo da pampo, a sake taka birki shi riƙe, sannan a sassauta bututun ƙarhe daga bakin pampo. In ya saki, pampo ne, ko kuma an ɗaure sandar da ke tura shi babu ɗan wasa. In bai saki ba sai an buɗe ƙasa, tiyo ne. Amma pampo ba ya cika riƙe taya guda, shi ya sa ban zarge shi ba. A kuma girgiza tayar a saurari rulma, don ita ma in ta mutu tana zahi, sai dai ita kuka take yi.

Yaron Garaji:
Baba, tiyon ai in ya lalace yoyo yake yi. Ta yaya zai riƙe birki?

Tsohon Garaji:
Wanda ka gani ke nan. Tiyon hawa-hawa ne. Na ciki shina iya ɓarewa ya zama kamar harshe, waje kuwa sumul. Ka taka, ƙarhin ƙahwa ya tura mai ya wuce. Ka saki, babu abin da ke turo shi baya da ƙarhi, harshen ya ruhe hanya. Na sha ganin an canja etiriye sabo dal, kuɗi sun tahi, cuta tana nan.

Mai Kula da Zaure:
Na maƙala bayanin Baba a sama don masu zuwa daga baya.

Ɗan Adar:
'Yan zaure, na dawo da labari. Yau da safe na kai ta wani garaji daban, na karanta wa mai gyaran saƙon Baba daga wayata. Da farko ya ɓata rai, ya ce shi ba a koya masa aiki daga waya, etiriye ne a canja. Na ce to a gwada, in etiriye ne ni zan saya. Muka zaga, muka dawo, aka ɗaga. Ta hagu yaro ya juya da hannu ɗaya. Ta dama sai da ya sa hannu biyu yana nishi. Aka cire taya, ya sa sufana ya ɗan sassauta notin, mai ya yi tsartuwa har kan rigarsa, diski ya saki, ana juya shi da yatsa. Mai gyaran ya yi shiru, sannan ya ce a taka a sake. Aka sassauta ta wajen pampo, bai saki ba. Tiyo ne. Da aka cire shi ya hura da iska, ta gefe ɗaya tana wucewa, ta ɗayan da ƙyar. A jikinsa akwai sawun haƙoran filaya. Sai na tuna ranar da aka sa palaket, na ga an danne tiyon da filaya, aka kuma bar etiriye yana reto a jikinsa kamar guga a bakin rijiya. Ban san laifi ba ne, ina tsaye ina cin gyaɗa. Man da ya fito kuwa baƙi ne kamar shayin farko. Diskin dama ya yi shuɗi-shuɗi, palaket ɗinsa sun yi ƙyalli, gefensu yana marmashewa, sati biyu kacal.

Mai Kayan Mota:
Ka ji ko? Palaket sun ƙone. Ai na faɗa.

Direban Ƙonni:
Alhaji, ko na jikka ashirin ka sayar masa da haka za su ƙone, ribar ce kawai za ta fi. Ni dai na janye maganar rana, amma rabi.

Tsohon Garaji:
Alhamdu lillahi. Yanzu kada a yi rabin aiki. Tiyo a canja duka biyu na gaba, shekarunsu ɗaya. Palaket ma duka biyu, ba a canja gehe guda, in ba haka ba motar za ta ja. Nan kam ka je wurin Alhaji ka sayi na kirki, ka ga kwalin da idonka. Diskin da ya yi shuɗi a auna shi, a duba tsaga. In za a canja shi, su biyu ne. A ɗaga robar da ke ruhe pistin na dama a gani, zahin da ya tahasa mai shina iya gasa ta, in ta tsage jan ƙasa za ta shiga, baɗi ka dawo da sabuwar cuta. A saurari rulmar wannan gehen. A leƙa cikin ramukan diski, in laka ta toshe su a tsokale, ta nan iska ke ratsawa. Mai kuma a zubda shi duka ta tayoyi huɗu har sai sabo ya hito garau, ba a tsotse na tanki a cika a ce an canja ba, mugun shina can ƙasa. Mai taka birki lokacin cire iska kada shi kai shi har ƙasa, a sa katako a ƙarƙashi, don tsohon pampo shina da datti can ƙarshe inda roba ba ta saba zuwa ba. In an gama, ka samu hanya marar mutane, ka kai 60 ka rage zuwa 10 da matsakaicin ƙarhi, ba tare da ka tsaya cak ba, kamar sau takwas. Sannan ka yi tahiya minti biyar ba birki shi huce. Haka sabon palaket ke zama da diski.

Ɗan Keita:
Baba, mu namu gangaren na gaske ne, wajen Keita da Buza, ga lodin albasa da mutane. Direbobinmu in sun hau kan tudu sai su cire giya su saki mota, wasu har su kashe inji, wai tattalin mai. Birkin yana wari kafin a kai ƙasa.

Direban Ƙonni:
To mai ya yi tsada, me kake so su yi? Cire giya kam kowa yana yi. Kashe inji ne ban yarda da shi ba.

Malamin Kimiyya:
Gara da ba ka yarda ba, don abin da ke taimakon ƙafarka da inji yake aiki. In ka kashe, taku biyu ko uku ya rage, daga nan feda ta zama dutse. Cire giyar ma asara ce. Motocin da ba su da karbireta, in kana gangara da giya a ciki ka ɗauke ƙafa daga totur, kwamfutar motar yanke mai take yi, tayoyi ne ke juya inji. In ka cire giya kuwa dole inji ya sha mai don kada ya mutu. Ka ƙona mai, ka kuma ɗora wa birki duk nauyin. Mota mai tan biyu in ta sauko tudu mai tsawon mita 100, zafin da za a zubar ya fi na tsayawa uku irin wadda na lissafa a sama. Ko inji ya ɗauki rabonsa, ko palaket su ɗauka su kaɗai.

Tsohon Garaji:
Mu abin da anka koya muna, giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka, kuma tun daga sama ake sa ta, ba sai mota ta ɗauki gudu ba. Birkin kuma a taka da ɗan ƙarhi a rage gudu a saki shi sha iska, ba a ɗora ƙahwa ana ja tun daga sama har ƙasa ba. Masu tambur a baya su ƙara kula, shi in ya yi zahi buɗewa shike, ya gudu daga takalman da ke matse shi daga ciki, ka ji birki shina ta nisa.

Direban Ƙonni:
Maganar yanke man nan sai na gwada da kaina. Zan cika tanki in auna zuwa da dawowa, sati guda da giya, sati guda babu.

Ɗan Keita:
Satin da babu giyar ka faɗa mana ranakun, kada mu shiga motarka.

Ɗan Adar:
An gama da la'asar. Tiyo biyu, palaket, diski biyu don na daman ya kusa lambarsa, da mai kwalba biyu. Na yi sau takwas ɗin Baba a hanyar Abalak, na dawo na kai hannu kusa da jantuna, ɗuminsu ɗaya. Ta daina ja dama. Sai dai mai gyaran ya ce birkin hannu yana tashi da yawa kafin ya kama, wai a ɗaure waya. In bari ya ɗaure, Baba?

Tsohon Garaji:
A'a, a buɗe tambur tukuna a ga takalman, daga can ake hwara daidaitawa, waya ce ta ƙarshe. In anka ja waya kawai, bayan ne zai koma riƙewa. Kawo ta gobe bayan hantsi in leƙa, ina nan har azahar.